Yashi a bakin kwata

Shekara goma sha huɗu ke nan ina harkar gini a Daura. Da ɗaukar kwanon siminti na fara, a bayan wani birkila, yau kuma ina da ɗan kamfanina: injin buga bulo ɗaya, magina huɗu, kafinta, mai ɗaurin rodi, sai leburori gwargwadon aikin da ya samu. Gidaje da shaguna muke yi, wani lokaci ajujuwan makaranta idan babban ɗan kwangila ya yago mana.

Kwanaki wani ɗalibi da ya zo koyon aiki wurinmu ya tambaye ni, "Maigida, wai mu me muke yi wa jama'a?" An koya musu a makaranta cewa kowane kamfani akwai haƙƙin al'ummar da yake cin abinci a cikinta a kansa. Misalin da ya kawo kuwa nan garinmu yake: Jami'ar Sufuri, wadda CCECC, kamfanin ƙasar Sin mai shimfiɗa layin dogo, ya gina kyauta a kan dala miliyan 50, marigayi Shugaba Buhari ya aza harsashinta a Disambar 2019. Na yi dariya na ce ni ko katangarta ta fi ƙarfina. Sai na ba shi labarin wata damina.

Muna ginin shaguna a wata unguwa, lungun ya matse, direban tifa ya juye yashi a bakin kwata. Na gani da idona, na ce gobe a kwashe. Daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya rasa hanya, ya karkata gidan wata tsohuwa, ginin ƙasa, kafin asuba katangar banɗakinta ta zube. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Da na je ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, kai kana gina na wani, ka rushe nawa." Na durƙusa na ce, "Inna, laifina ne, ki yafe mini." A gaban mai unguwa na ɗauki alkawari, muka tayar mata da katanga da bulo cikin kwana uku. Ribar aikin nan rabinta can ta tafi. Tun daga ranar, ba a juye mini yashi ko tsakuwa sai na tsaya a wurin, kuma ba ma barin unguwa sai mun yashe kwatar da muka tarar.

Inda haƙƙin mutane ya fi ɓuya a sana'armu shi ne wurin da ido ba ya gani. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ko na BUA, amma yawan bulon da za a fitar daga cikinsa, wannan tsakanin mutum da Ubangijinsa ne. Ni bulo mai inci tara ba na wuce talatin a buhu, kuma sai an yi kwanaki ana ba shi ruwa safe da yamma. Na sha ganin wanda za ka murza da yatsa ya koma gari. Haka rodi: a rubuta mai kauri a takarda, a ɗaura siriri a cikin ginshiƙi, a zuba kankare a rufe. Mai gida ba zai sani ba, yaran da za su zauna a ajin balle su. Na rasa ayyuka da dama saboda farashina ya ɗara na wasu, kuma ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba, musamman lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabo.

Sai leburori. Hadisin nan na biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, amma je ka wurin gini da magariba ka ga masu jiran "oga ya dawo". Nawa kullum da la'asar nake sallamarsu, ko da bashi zan ci. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Gaskiya ƙananan irinmu da yawa ko labarinta ba su ji ba, ni ma sai da neman kwangilar gwamnati ya kai ni. Hular kwano da takalmin roba na saya musu, kodayake da zafin bazara sai na yi da gaske suke sawa. Yaro ƙarami kuwa ba ya hawa mini bene da kwanon kankare, ko ubansa ne ya kawo shi.

Ban raina masu haƙa rijiyar burtsatse su kafa allo da sunansu ba, ruwa ai ruwa ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne wanda zai yi haka, alhali ramin da ya ɗebi jar ƙasa yana nan a bayan gari ya zama kududdufi, yara na wanka a ciki.

Ɗalibin nan ya saurara, ya ce to shi me zai rubuta a rahotonsa, tunda ba hoto. Na miƙa masa shebur, na nuna masa kwatar da ke gaban ginin da muke yi, na ce ya fara daga wancan ƙarshen, hadari na haɗowa ta gabas.