Wata shidda a Kumasi, ina koyon yadda ake koyar da Ingilishi

Tun da na dawo Maradi mutane ke tambayata wai mi ya kai ni Gana alhali ga Najeriya nan kusa, daga nan zuwa Ɗan Isa da ke bakin iyaka ko awa ɗaya ba ta cika a mota. Amsar ita ce ni na san kaina, in na zauna Katsina ko Kano Hausa zan ta yi daga safe har dare, in dawo yadda na tahi. Ina son wurin da dole ta sa in buɗe baki.

Shekara huɗu ina koyar da Ingilishi a wata lakwal mai zaman kanta, ka'idojin nahawu duk suna kaina, amma wlh in anka ce in yi hira ta minti biyar sai gumi ya karyo mini. Haka anka koya mana tun daga siziyam, ajin farko na sakandare: mushe, wato malam, ya cika allo, ya yi bayani da Faransanci, mu kwafe a kaye mu hardace ranar jarabawa mu zuba. Da anka fito da sabon kundin ƙasarmu Nijar a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci sunka zama harsunan aiki, sai na ga lokaci ya yi da zan gyara sana'ata tun kan yara su fara gane raunina.

Ta Jibiya na bi, Kano, Legas, sannan Seme, Kwatano, Lome, na shiga Gana ta Aflawo. Iyaka huɗu, kowace sai an nemi katin rigakafin shawara. Ba zan tsaya kan wahalar hanya ba, duk wanda ya taɓa binta ya sani.

Abin da ya fara buge ni zafin ne. Mu 'yan Maradi muna ganin babu wanda zai gaya mana zafi, mun san watan Afrilu. To nasu daban ne, ba ya ƙona fata amma iska ta jiƙe sharkaf, ka yi wanka ka fito kana zufa, ka shanya riga kwana biyu tana nan da danshi, takalmina na fata da na aje ƙarƙashin gado har furfura ya yi. Damina biyu gare su a kudu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Mu da muke ɗaga kai sama wata tara muna jiran hadari. Ranar farko da na ga ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya mutane kuma ko a jikinsu, sai na tuna gonar babanmu a hanyar Tibiri, raina ya sosu gaskiya. Sauro kuwa ba a magana, sati na ukku zazzaɓi ya kwantar da ni, daga nan ban sake kwana ba gidan sauro ba.

A Aboabo na samu ɗaki, unguwar zango ce, kuma a nan na gane lissafina bai cika daidai ba domin Hausa ta riga ni zuwa da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja da Salaga. Da safe koko da ƙosai, sunansa ma a bakinsu kokon Hausa, da rana shinkafa da wake da suke ce ma wace, da dare tuwon zafi. Hausarsu ba ta rarrabe mace da namiji sosai, sai ka ji an ce Hajiya ya zo. Tsohuwar da ta ba ni haya, Allah ya saka mata, ita ta lura ina dawowa in zauna majalisa ina Hausa har sha ɗaya. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, wannan ka baro a gida, ba shi ka zo nema ba." Na ce to Hajiya, na ji. Daga ranar ta sa jikokinta kada su amsa mini sai da Ingilishi.

Horon kansa shi ne abin da nake son malamai 'yan uwana su ji. Da safe a koya mana, da yamma a ba ka ɗalibai na gaske ka koyar, malamarmu na zaune baya da agogo da takarda. Darasina na farko na yi shiri kwana biyu, na ji daɗin kaina. Da anka tashi ta nuna mini takardar: cikin minti 40 ni na yi magana minti 33. Ta ce kai da ka riga ka iya kai ne ka yi atisaye, su da sunka biya kuɗi sun zauna kallo. Maganar nan ta tsaya mini a rai, saboda shekara huɗu haka nake yi ma 'ya'yan mutane kuma ina ganin ƙwazo ne.

Sai munka shiga koyon abubuwan da kamar ƙanana ne: ka haɗa yara biyu biyu su yi magana kai kana zagayawa, kada ka tambayi "kun gane?" don kowa zai ce i, ka yi tambayar da amsarta za ta nuna ko an gane, kada ka katse yaro a tsakiyar jimla don gyara, rubuta kuskuren ka dawo kansa a ƙarshe ba tare da kiran suna ba. Ta kuma kama ni da matsala biyu, ta Bahaushe mai haɗa p da f, da ta ɗan lakwal mai haɗiye h a farkon kalma irin na Faransanci. Sati biyu ina riƙe takarda gaban baki ina furta p har ta motsa.

Sauran karatun a titi na yi shi. Cikin torotoro, wato ƙananan motocin haya, dole ka faɗi inda za ka sauka da ƙarfi ko a wuce da kai. A kasuwar Kejetiya na koyi ciniki da sidi, kuɗin Gana. Hutun tsakiya na tahi Kef Kos na ga teku karo na farko a natse, na shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na tsohon gidan da a da ake tara bayi kafin a loda su jirgi, na fito ban iya cin abinci ba ranar. Washegari na hau gadar igiya ta dajin Kakum da ke rataye saman itatuwa, ban taɓa sanin kore yana da iri iri haka ba.

Yanzu ina ajina, yara 78, fanka ɗaya. Haɗa su biyu biyu hayaniya ce, har darakta ya leƙo sau biyu yana tambaya ko lahiya. Jiya wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tashi ta kwatanta hanya daga babbar kasuwa zuwa gidansu da Ingilishi, da kuskure wajen biyar, ban katse ta ba. Da ta gama ta ce, "Mushe, gobe ma za mu yi?" Na ce in sha Allahu, kowa ya zo da sunan unguwarsu.