Gilashi guda da ba zan manta ba a Bagadaza

A wannan makon nake barin ɗakin binciken tsoka inda na shafe shekara biyu a Bagadaza ina duba samfuran sankarar mama, cutar dajin da ta fi addabar matan Iraƙi, wadda takan kama da yawansu tun ba su kai shekara 50 ba. Cikin duk gilasan ɗora tsoka a ƙarƙashin madubin ƙara girma da suka bi ta hannuna, guda ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

Samfurin na wata mata ne mai shekara 41 daga wani lardin kudu. Na rina tsokar don neman makarɓan istirojin da furojestiron (wuraren da waɗannan sinadaran jikin mace ke maƙalewa a ƙwayar sankara su sa ta girma), waɗanda muke kira ER da PR, ban ga ƙwaya ko ɗaya ta ɗauki launi ba, sai na rubuta cewa babu. Ƙa'idar da ASCO da CAP, ƙungiyoyin likitocin daji da na binciken tsoka na Amurka, suka fitar a 2010 kuwa na san ta da ka: idan kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyin sankarar suka ɗauki rini, to akwai makarɓan, kuma dole tsoka ta shiga fomalin, ruwan maganin da ke hana ta lalacewa, cikin awa ɗaya da yanke ta, ta zauna awa 6 zuwa 72. Abin da na tsallake shi ne duba lafiyayyun hanyoyin nono da ke gefen ƙarin, waɗanda ya kamata wasu ƙwayoyinsu su ɗauki launi ko da sankarar ba ta ɗauka ba. Su ma fari fat suke, alamar cewa gwajin ne ya lalace, domin tsokar ta kwana a ɗakin tiyata babu fomalin, cikin zafin watan Yuli.

Saboda wannan kalma tawa ba a ɗora matar a kan tamoksifen ba, maganin da ke toshe makarɓin istirojin ya rage yiwuwar dawowar cutar. Sai da likitarta ta nemi a sake gwada ɗan samfurin da aka ciro da allura kafin tiyata aka ga makarɓan cike da shi.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musantawa ba. Amma shugaban sashenmu, wanda sa hannunsa ke ƙarƙashin nawa a takardar sakamakon, sunana kaɗai ya karanta a gaban taro, kuma bai taɓa tambayar ɗakin tiyata dalilin kwanan tsokar ba. Ga wanda zai gaje ni, shawarata ita ce ya riƙa ajiye kwafin duk takardar da aka sa wa hannu tare.

Na kuma koyi cewa samfurin da ya zo daga nesa a bincika tafiyarsa kafin a rina shi, kuma sakamakon "babu" ya cancanci ido na biyu. Ni na matsa har aka ƙara gurbin rubuta lokacin yanka da lokacin shiga fomalin a takardar neman gwaji, kuma yanzu ba a karɓar samfuri sai an cike shi. Matar ta fara shan tamoksifen wata takwas bayan lokacin da ya kamata ta fara.