Ƙafafun Auta

Gwaggo ta zo da hantsi ta tarar da Auta yana kai da kawowa tsakanin bakin rijiya da ƙofar zaure, sai ta ce, “Alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau, har motsa jini yake yi.” Inna ta tabbatar mata cewa tun da aka ɗora shi a kan haloferidol, wani maganin taɓin hankali, bai ƙara cewa ana kiran sunansa ta cikin bango ba, kuma yana barci da dare. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni ma na yi godiya ga Allah tare da su.

Bayan la'asar ina yanka alayyafo ya zo ya tsaya a kaina, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan, ya ce, “Yaya, ba don ina so nake wannan zirga-zirga ba. Ƙafafuna ne ba sa barina in zauna. Ko a zaman tahiya ji nake kamar in zabura in miƙe.” Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun da aka ƙara masa maganin, amma ya yi shiru domin kowa a gidan yana murna.

Wannan magana ce ta hana ni sukuni har yanzu da nake rubutu. Haloferidol tsohon magani ne, an haɗa shi a Beljiyam a 1958, shekara shida bayan likitoci a Faransa sun fara ba masu taɓin hankali Largactil a 1952. Aikinsa shi ne toshe hanyar wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, kuma ta haka muryoyi da mugun zargi suke lafawa. Sai dai sinadarin nan shi ne kuma yake daidaita motsin jiki, shi ya sa wasu suke samun sanƙarewar gaɓoɓi da karkarwar hannu da dalalar miyau, wasu kuma su kamu da wannan rashin iya zama wuri ɗaya, wanda na waje yake ɗauka kuzari ne, ko ma ya ce ciwon ne ya dawo. Idan aka fassara shi da dawowar ciwo aka ƙara magani, abin ƙaruwa yake yi. A ganina mun daɗe muna auna maganin da kwanciyar hankalinmu, ba mu auna shi da abin da mai shan sa yake ji a jikinsa ba.

Da Gwaggo ta ji, shawara biyu ta kawo: ko a sayo masa Exol a kemis, ko a ajiye magungunan gaba ɗaya a koma ruƙiyya. Na ce mata, “Gwaggo, addu'a ba za mu bari ba, amma yanke magani lokaci ɗaya shi ne yake dawo da ciwon.” Exol kuwa, wanda matasa suka mayar kayan maye, ya fi amfani ga sanƙarewa da karkarwa, kuma ba abin da za a saya ba ne sai da takardar likita. Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta ja maganar ba.

Canjin magani ma ba kyauta ba ne. Olanzafin ba ya yawan sanƙarar da jiki, amma yana buɗe ciki, ya kawo ƙiba, ya kusantar da mutum ga ciwon suga. Risferidon kuma yakan dagula wa mata al'ada, har ya kawo ruwan nono. Zaɓi tsakaninsu, ko rage wanda yake sha, aikin likita ne.

Ranar ganin likitansa Litinin ce. Na roƙi Inna cewa idan mun shiga ta bar shi ya fara magana da bakinsa kafin ta ce an samu sauƙi, ta ce to, ko da yake na ga alamar tana tsoron kada a taɓa maganin a koma gidan jiya.