Ƙanƙarar tsamiya ba leda

Akuyata ce ta raba ni da leda. Ta yi kwanaki tana ramewa, ta daina cin dusa, har muka kira mahauci kafin ta yi mushe. Da ya farke tumbin sai ga ledoji a dunƙule kamar gammo, kuma na gane nawa a ciki: ƴan ƙananan nan da nake ƙulla zoɓo da tsamiya in jefa a firigo. Yara su tsotse su yar a tsakar gida, ita kuma ta bi zaƙin sukari ta haɗiye.

Wanda ya san zafin Damagaram a watan Afrilu, lokacin da ake haura 40, ya san ba za a hana yaro ƙanƙara ba. Sai dai a sake mazubi. Tun 2014 Nijar ke da dokar hana ledar nan mai laushi, amma ka dubi ƙayoyin bakin gari, ko wace ta yafa tata.

Na fara da kwalba, na yi asara. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ni kuwa na cika har wuya na murɗe marfi. Da safe na tsince gilas cikin firigo da tsumma, na zubar da komai.

Daga nan na shiga kasuwar Dole na sayo ƙananan kofunan silba dozin, irin waɗanda ba sa tsatsa. Mai shagon ya so tura mini na alminiyom, wai sun fi araha. Na ce, “Alhaji, tsamiya zan zuba.” Tsami yana cin alminiyom, ka ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Silba kuwa ko a jikinsa. Ina barin kamar faɗin yatsa a sama, in ya fara kamawa in tsaya da ƙaramin cokali a tsakiya, shi ne mariƙi. Wajen cirewa a tsoma gindin kofin cikin ruwa kaɗan, sai ta sulɓo. Ko kuran ya ɗauke, abin ya narke cikin kofinsa, ba ledar da za ta fashe ta rina mini firigo ja.

Mai son roba ya kifa ta ya duba lambar da ke gindinta. Lamba 5 ko 2 ake so. Gorar ruwan sayarwa lamba 1 ce, ba a yi ta don a yi ta maimaitawa ba, balle gorar da aka tsinto ba a san me ta ɗauka a da ba. Kuma a bar zoɓo ya huce tukuna kafin ya taɓa kowace irin roba.

Wanki ne kawai damuwata, a garin da ake lissafin jarkar ruwa. Maƙwabciyata da ke sayarwa a bakin lakwal har yanzu leda take ƙullawa, ban ga laifinta ba, wa zai dawo mata da kofi? Ni ma dozin ɗin nawa saura tara, kuma Auta ya rantse bai san inda ukun suka shiga ba.