Hoton Badeh a wayata

Yau ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wani tsohon hoton marigayi Alex Badeh cikin kakinsa na sojan sama, ƙirji cike da lambobin yabo. Ɗana yana gefe sai ya leƙo, ya ce "Baba, waɗannan ƴan ƙyallayen masu kala-kala fa, duk nasa ne?" Na ce nasa ne mana. Ya ce to me ya yi aka ba shi? Wallahi sai na tsaya ina ta lissafi a raina, mutumin da ya fito daga ƙauyen Vimtim can wajen Mubi, ya zama matuƙin jirgi har ya shugabanci rundunar jiragen shugaban ƙasa, a 2012 ya zama shugaban sojan sama, a 2014 kuma Jonathan ya ɗora shi kan dukkan sojojin Najeriya, anini huɗu a kafaɗa, kuma a shekarar nan dai Boko Haram suka shiga ƙauyen nasa, abin kamar almara.

Abin da na kasa faɗa wa yaron shi ne yadda aka ƙare. Disambar 2018 ƴan bindiga suka harbe shi a hanyar Keffi yana dawowa daga gona. Daga gona fa! Ba a sama ba inda ya yi shekaru yana shawagi. Na dai ce masa jirgi yake tuƙawa, yaro ya yi murna ya tafi wasansa, ni kuma har yanzu hoton yana buɗe a hannuna.