Abin da Aikin Ɗakin Karatu Ya Koya Mini Game da Zaɓen Littafi

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin karatu ya san cewa tambayar da ta fi yawan zuwa masa ita ce wane littafi ne ya cancanci mutum ya ba shi lokacinsa. Masu tambayar galibi nau'i biyu na littattafai suke nufi, wato manyan ƙagaggun labarai na dauri waɗanda kowa yake jin sunansu, da kuma littattafan zaburarwa masu alkawarin gyara rayuwar mai karatu. Abin da na daɗe ina lura da shi, kuma yake damuna, shi ne mutum yakan miƙa wa littafin zaburarwa amanarsa tun daga bango ba tare da ya nemi hujja ba, amma idan ya ɗauki tsohon labari sai ya yanke masa hukunci kafin ya gama babi na biyu. Aiki ya koya mini cewa akasin haka ya kamata a yi: a tsananta bincike ga littafin da ya zo da alkawari, a kuma yi haƙuri da wanda ya shekara ɗari ko fiye yana yawo a hannun mutane.

Littattafan zaburarwa sun daɗe a duniya. Samuel Smiles ya wallafa Self-Help a Ingila a 1859, Dale Carnegie ya fitar da How to Win Friends and Influence People a Amurka a 1936, sannan Napoleon Hill ya biyo da Think and Grow Rich a 1937. Wannan na ƙarshe shi ne ya fara buɗe mini ido, domin gaba ɗaya ginin littafin ya dogara ne a kan da'awar marubucin cewa attajirin nan Andrew Carnegie ne ya ɗora masa aikin binciko sirrin masu arziki. David Nasaw, masanin tarihin da ya rubuta tarihin rayuwar attajirin, ya ce bai samu wata shaida da ke nuna mutanen biyu sun taɓa haɗuwa ba. Duk da haka ana ci gaba da buga littafin, ana ci gaba da maimaita labarin, kuma matasa suna ci gaba da zuwa nemansa da yaƙinin cewa gaskiya ce tsantsa a ciki.

Daga nan na ɗauki ɗabi'ar bin diddigin duk wani adadi da aka kafa hujja da shi a irin waɗannan littattafai, kuma abin da na gano ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Akwai labarin da ya yaɗu cewa an yi bincike a kan ɗaliban da suka kammala Jami'ar Yale a 1953, aka samu kashi 3 cikin 100 kawai suka rubuta burinsu a takarda, kuma bayan shekara 20 waɗannan 'yan kaɗan suka fi sauran gaba ɗaya dukiya. An nemi wannan bincike sama da ƙasa ba a same shi ba, kuma ita kanta jami'ar ta ce ba ta da wata shaidar cewa an taɓa yin sa. Haka nan maganar da ake yawan ji cewa kwana 21 ke sa sabuwar ɗabi'a ta zauna wa mutum, asalinta daga Maxwell Maltz ne, likitan tiyatar gyaran fuska, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa sukan ɗauki aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamanninsu. Marubutan da suka biyo baya suka jefar da sharaɗin nan na "aƙalla", suka mayar da lura ta likita ɗaya doka ta kowa da kowa. Da Phillippa Lally da abokan aikinta suka gwada lamarin a Landan, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna matsakaicin lokacin kwana 66 ne, kuma ya bambanta daga kwana 18 har zuwa 254 gwargwadon mutum da irin ɗabi'ar. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin wanda aka gaya wa kwana 21 sun isa, idan ya kai wata guda bai ga canji ba zai ɗauka shi ne ya gaza, alhali ma'aunin da aka ba shi ne ba daidai ba.

Akwai wata matsala da ta fi wannan ɓoyuwa, wato littattafan da suke tattaro waɗanda suka yi nasara, su duba halayensu, su ce ga sirrin. Littafin Jim Collins mai suna Good to Great, wanda ya fito a 2001, ya ware kamfanoni 11 a matsayin abin koyi. Kafin a cika shekara goma, ɗaya daga cikinsu, Circuit City, ya karye ya rufe shagunansa a 2009, wani kuma, Fannie Mae, sai da gwamnatin Amurka ta karɓi ragamarsa a 2008. Ba na cewa marubucin ya yi ƙarya, amma wanda ya kalli waɗanda suka ci kawai ba zai taɓa sanin mutum nawa ne suka yi irin abin da suka yi kuma suka faɗi ba, domin ba a rubuta littafi a kan waɗancan. Ko binciken jami'a da ake dogaro da shi ma yana bukatar sa ido, domin a 2015 wata babbar ƙungiyar masu bincike ta sake gwada nazarce-nazarce 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kuma kimanin kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko.

Saboda haka, idan aka kawo mini sabon littafi irin wannan, daga baya nake fara buɗe shi. Nakan duba ko marubucin ya faɗi inda ya samo hujjojinsa, sannan in zaɓi da'awa ɗaya in bi ta har tushenta. Bayan haka nakan karanta babi ɗaya daga tsakiya, domin da yawa daga cikinsu magana ɗaya ce mai kyau wadda shafi ashirin za su ishe ta, aka ja ta har ta kai shafi ɗari uku, kuma a tsakiyar littafi ne maimaicin yake fitowa fili. Abin da na fi ba wa nauyi shi ne ko marubucin ya yarda ya faɗi wanda shawararsa ba za ta amfana ba. Littafin da ya ce tunanin mutum kaɗai ne ke jawo masa arziki ko talauci, lafiya ko ciwo, ba na ba kowa shi, domin na ga yadda yake barin mai neman aikin da ya yi iya ƙoƙarinsa yana zargin kansa a kan abin da ba ya hannunsa, kuma wannan zalunci ne ko da an lulluɓe shi da kalmomi masu daɗi.

Akwai na kirki a cikinsu, kuma galibi waɗanda ba su yi alkawarin komai ba ne. Viktor Frankl ya rubuta littafinsa na 1946 bayan ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, don haka idan ya yi magana a kan juriya, gani ne ya kori ji. Marcus Aurelius, sarkin Rum da ya rasu a shekara ta 180, kansa yake rubuta wa nasiha ba kasuwa ba. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Ayyuhal Walad a matsayin amsa ga ɗalibinsa, kuma 'yan shafuka ne kawai, amma matsalar tara ilimi ba tare da aiki da shi ba da ya taɓo a ciki ita ce matsalar mai tara littattafan zaburarwa a yau.

Shi kuwa tsohon ƙagaggen labari, wasu sun riga sun yi mana rabin aikin tantancewa, domin zuriya bayan zuriya ta karanta shi ta ga bai cancanci a yar ba. Sai dai wannan tantancewa ba ta rasa kuskure. Herman Melville ya wallafa Moby-Dick a 1851, kuma har ya rasu a 1891 kwafin da aka sayar bai wuce kimanin 3,200 ba, ya ma shafe shekara 19 yana aikin kwastan a birnin New York, sai a shekarun 1920 aka waiwayo aka ɗaukaka littafin. Haka kuma jerin sunayen da ake kira manyan littattafan duniya mutane ne suka tsara shi, da son ransu da iyakar saninsu. Chinua Achebe ya nuna haka ƙarara a laccar da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts a 1975, inda ya tuhumi Joseph Conrad da wariyar launin fata a Heart of Darkness na 1899. Abin da nake gaya wa masu tambaya shi ne su karanta Conrad su kuma karanta Achebe, su ƙara da Tayeb Salih na Sudan da Naguib Mahfouz na Masar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1988, sannan kada mai jin Hausa ya ɗauka Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam karatun jarrabawa ne kawai da aka wuce wurin.

Mafi yawan waɗanda suke dawo mini da babban littafi suna cewa ya gagare su, idan na duba sai in tarar da alamar da suka sa tana nan a shafukan farko, kuma kusan kullum dalilin abu ne mai sauƙin magani. Wani tsawon ne ya tsorata shi, bai san cewa an fara buga da yawa daga cikin waɗannan labarai kashi-kashi ba: David Copperfield na Charles Dickens wata-wata ya riƙa fitowa daga 1849 zuwa 1850, Anna Karenina na Tolstoy kuma ya fito a mujalla tsakanin 1875 da 1877. Masu karatun farko sun ɗauki watanni suna bin labarin, don haka babu dalilin da mai karatun yau zai tilasta wa kansa gamawa cikin mako guda. Wani kuma sunaye ne suka rikita shi, musamman a labaran Rasha, inda mutum ɗaya, kamar jarumin Crime and Punishment na Dostoevsky, ake kiransa Raskolnikov a nan, Rodion Romanovich a can, mahaifiyarsa kuma ta kira shi Rodya. Nakan ba irin wannan mai karatu ƙaramar takarda in ce ya rubuta sunayen ya maƙala ta a bangon ciki, kuma da yawa sun dawo bayan sun kai ƙarshen littafin.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan haƙuri da su shi ne labari yana koyar da abin da nasiha kai tsaye ba ta iya koyarwa. A Things Fall Apart, littafin Achebe na 1958, wani dattijo ya zo har gida ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron da ya shekara uku a gidansa yana kiransa uba. Okonkwo ya ji gargaɗin, amma ya bi tawagar zuwa daji, kuma da yaron ya rugo wurinsa neman tsira, shi ne ya sare shi, saboda tsoron kada a ce masa rago. Babu babin da aka ware aka sa masa suna illar tsoron surutun mutane, babu matakai bakwai da aka lissafa, amma wanda ya karanta wannan wuri zai daɗe yana tambayar kansa sau nawa ya cuci wanda yake ƙauna don gudun abin da za a ce. Na karanta littattafan zaburarwa masu yawa a kan ƙarfin zuciya, kuma babu wanda ya kai waɗannan 'yan shafuka shiga raina.

Duk da haka haƙuri yana da iyaka, kuma ba kowane shahararren labari ne ya dace da kowa a kowane lokaci ba. Idan mutum ya ba littafi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa da zuciya ɗaya, ya ga har yanzu bai damu da abin da zai faru da kowa a ciki ba, ya ajiye shi babu laifi, wataƙila bayan wasu shekaru ya dawo ya tarar da shi daban, domin labarin aure da nadama kamar Anna Karenina ba ɗaya yake ga ɗan shekara 18 da ɗan shekara 40 ba. Sai dai kafin ya ajiye, idan littafin fassara ne, ya kamata ya gwada wata fassarar. Da yawa daga cikin labaran Rasha da ake samu kyauta a intanet, a wurare irin Project Gutenberg da aka kafa a 1971, fassarar Constance Garnett ce ta farkon ƙarni na 20, kuma Turancinta na wancan zamani yakan yi wa wasu nauyi, yayin da wasu suka fi son sa a kan na baya-bayan nan. Nakan ajiye wa mai karatu fassara biyu a kan tebur, in buɗe masa shafin farko na kowace, in ce ya karanta su a jere ya ɗauki wadda ya ji tana jan sa zuwa shafi na biyu.