Ranar da Na Daina Zargin Baba Mai Niƙa

Shagona yana Tudun Wadar Kaduna, a wani layi mai shaguna bakwai a ƙarƙashin rufi ɗaya. Sana'ata haɗa wayoyin wuta ce, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aikin sola ya fi yawa a hannuna, domin janareta ya gagari mutane da yawa. Mu ma 'yan layin sai da abin ya iso kanmu. A farkon 2024 muka yi karo-karo, ni da Hajiya mai ƙanƙara, da tela, da mai aski, da mai kemis, da yaron da ke cajin waya, da Baba mai niƙa. Muka sayi fanel 24 da inbata ɗaya, wato na'urar da ke juya wutar fanel ta zama irin wadda kayan shago ke amfani da ita, ni na ɗora fanel ɗin a kan rufin da hannuna. Kuɗin bai kai mu sayi babban batir ba, sai muka ɗauki ƙarami da niyyar ƙarawa nan gaba.

Watan farko kowa na murna. Daga nan sai wata matsala ta ɓullo: kusan kullum bayan la'asar wutar sai ta ɗauke ɗif, inbata tana ƙara, sai na je na tashe ta. Hajiya ce ta fi kowa shiga damuwa, don firiza huɗu gare ta.

"Injiniya, wannan wace irin wuta ce da ba ta kai magariba? Kai ne fa ka ce mu zuba kuɗinmu."

"Ki yi haƙuri Hajiya, ina kan dubawa."

Ba a daɗe ba kowa ya nuna Baba da yatsa. Injinsa ne mai ƙara, shi ake ji, shi ake gani, kuma duk wanda ya san wuta ya san injin lantarki mai juyawa yana zuƙar wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Ni ma na yarda da haka. Har na same shi na ce ya koma wa tsohon injinsa na dizal da yamma. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai kai ka san aikinka. In ni ne, na bari." Ya bari ɗin kuwa, yana ƙona mai da kuɗinsa. Wutar ta ci gaba da ɗaukewa.

Wannan abin ya tsaya mini a rai har yau. Dattijo ya yi asarar sati biyu saboda na yanke hukunci da kunne. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar wuta ido da kunne ba su san kima ba, sai an auna.

Sai na sayo ƙananan mitoci masu aika bayani, na sa wa kowane shago tasa, na haɗa inbatar da intanet ta yadda manhajarta za ta riƙa nuna mini komai a waya. Bayan kwana goma na zauna da daddare ina bin zanen. Layi ɗaya na abin da rana ke ba mu ne: yana tashi da hantsi, ya kai ƙololuwa da tsakar rana, ya fara gangarowa daga wajen ƙarfe uku. Ɗaya layin na abin da muke sha ne, shi kuma daidai lokacin da na farko ke sauka yake haurawa. Da la'asar Hajiya ke cika firizojinta da sababbin ƙullin ruwa da zoɓo, sai dukkan huɗun su kama aiki a tare. A lokacin ne kuma yaran tela ke kunna dutsen guga biyu su goge ɗinkin da aka gama, mai aski kuma ya jona hita. Abin da rana ta kasa bayarwa sai ya faɗa kan batir, shi kuma ƙarami ne, yana da iyakar abin da zai iya fitarwa lokaci guda, da an wuce sai ya yanke don ya kare kansa. Babu mai laifi ko ɗaya a cikinmu. Lokaci ne bai daidaita ba.

Washegari na fara zuwa wurin Baba na ba shi haƙuri, na nuna masa zanen duk da bai saba da irinsa ba. Sannan muka zauna mu bakwai. Hajiya ta koma zuba ruwa da ƙarfe tara na safe, firizojin su yi ta aiki rana na tsaka. Nan na fahimci wani abu da ban taɓa tunani ba: ƙanƙara ita ma batir ce. Wutar da aka zuba mata da rana tana nan a daskare har dare. Guga ya koma bayan azahar. Baba yana niƙa duk lokacin da ya so kafin ƙarfe uku, bayan nan sai ya leƙo ya tambaya. Na kuma saita na'ura yadda in batir ya yi ƙasa sosai za ta cire hita da dutsen guga da kanta, ta bar firij ɗin maganin mai kemis da ƙwayayen fitila. Ba mu ƙara fanel ko ɗaya ba, ba mu ƙara batir ba, wutar ta zauna.

Tun daga lokacin nake kallon babban layin wutar ƙasa da wani ido. Abin da ya same mu a shaguna bakwai shi ne ke fuskantar ƙasa gaba ɗaya a kowace daƙiƙa. Wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira. Abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a wannan lokacin. A Najeriya wuta tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk injinan da ke kan layin, daga na Kainji da Jebba da Shiroro har na iskar gas da ke kudu, dole su juya a kan wannan bugun tare. Wanda ya taɓa ganin ɗaukar jinka a ƙauye zai gane. Mutane da yawa ne a ƙarƙashinta, taku ɗaya suke yi. In ɗaya ya yi tuntuɓe nauyinsa ya koma kan na kusa da shi, in shi ma ya kasa sai a zube gaba ɗaya. Abin da ake nufi ke nan in an ce babban layin ƙasa ya durƙushe.

Masu lura da wannan taku suna cibiyar kula da wuta ta ƙasa da ke Osogbo. Kayan aikin da ya kamata ya zama idonsu shi ne tsarin da ake kira SCADA: na'urori a kowace tasha, irin ta Mando a nan Kaduna, suna aika bayanin ƙarfin wuta da yawan abin da ke bin kowane layi, su kuma daga inda suke su iya buɗe ko rufe makunni. Manhajar da ke wayata ce dai aka faɗaɗa ta ta game ƙasa. Inda wannan ido bai kai ba, sai a koma kiran waya a tambayi wanda ke bakin aiki me yake gani, alhali durƙushewar layi cikin daƙiƙoƙi take faruwa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta cire wannan aiki daga hannun TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, aka kafa masa hukuma mai zaman kanta, NISO. Ina fatan abin da za ta fi zuba wa kuɗi shi ne gani, kafin komai.

Sola tana ƙara wa aikin wuya ta fuska biyu. Ta farko kowa ya sani, rana ba ta neman izini. Na sha gani a wayata, hadari ya taso daga gabas da damina, cikin minti kaɗan abin da fanel ke bayarwa ya faɗi ƙasa da rabi. A shago bakwai batir ya tare. In gonar sola ce mai megawat ɗari, dole wani ya san hadarin na tafe tun kafin ya iso, ya tanadi inda za a cike gurbin. Shi ya sa a ƙasashen da suka yi nisa hasashen yanayi ya zama cikin aikin wuta, ana haɗa hotunan tauraron ɗan adam da bayanan mitoci kwamfuta ta ƙiyasta abin da za a samu gobe awa bayan awa.

Ta biyun Baba ne ya sa na gane ta da kyau. Tsohon injinsa na dizal yana da wata ƙatuwar tayar ƙarfe a gefe. In aka zuba masara da yawa lokaci guda injin ba ya mutuwa, nauyin tayar da ke juyawa ke ture shi ya wuce wurin. Injinan Shiroro da Kainji haka suke: tan-tan na ƙarfe na juyawa, in wani abu ya faru nauyinsu yana riƙe layin na ɗan lokaci kafin a kawo ɗauki. Fanel ba shi da abin da ke juyawa. Duk abin da yake da shi inbata ce, ita kuma abin da aka rubuta mata take yi. Yawancin inbatocin da ake haɗawa da layi bin bugun da suka tarar suke yi, in ya rikice su janye jikinsu, daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Amma akwai waɗanda ake tsarawa su riƙe bugun da kansu, tare da batir, su kwaikwayi aikin tayar Baba. A Kudancin Ostireliya an kafa babban batir na Hornsdale a 2017, mai megawat 100 a lokacin, kuma abin da ya yi suna a kai shi ne saurin kai ɗauki cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Waɗanda suka yi sakaci kuma sun ɗanɗana: ranar 28 ga Afrilun 2025 Sifaniya da Fotugal suka shiga duhu da rana tsaka, kuma binciken gwamnatin Sifaniya ya nuna ƙarfin wuta ne ya yi ta hauhawa babu isassun tashoshin da ke daidaita shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da Allah ya riga ya ajiye mana. Kogin Kadunan nan da muke tsallakawa kullum ta kan gada, shi ne ke juya injinan Shiroro masu megawat 600 tun 1990, shi ne kuma ke juya na Zungeru masu megawat 700 da aka kammala daga baya. Da rani ruwa yana ja baya, a lokacin ne kuma rana ta fi ƙarfi a Arewa. Da muna da manyan gonakin sola, da sai madatsun su rage sakin ruwa da rana, su adana shi, da magariba in kowa ya koma gida ya kunna fanka da talabijin su sake shi. Dabarar ƙanƙarar Hajiya ce, babu bambanci. Sai dai ba ta yiwuwa da ƙiyasi; sai an san ruwa nawa ke cikin madatsa, rana nawa za a samu gobe, mutane nawa za su kunna me da ƙarfe nawa.

Ba na so a ɗauka kwamfuta maganin komai ce. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke kawo wuta ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako cikin duhu. Babu manhajar da za ta tayar da turken ƙarfe da ya faɗi a daji. Amma a waɗannan kwanakin layinmu na shaguna bakwai bai mutu ba. Mutane daga unguwanni suna layin cajin waya, ƙanƙarar Hajiya ba ta kai azahar. Na yi ta tunanin da a ce kowace kasuwa da asibiti da makaranta a Kaduna tana da irin wannan, kuma an tsara su yadda za su yi aiki da babban layi in yana nan, su ware kansu su ci gaba in ya faɗi. Dokokin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2023 sun ba da damar kafa ƙananan tashoshi irin haka har zuwa megawat ɗaya, kuma dokar 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro. Mitar da na sa tana gaya mini ƙarfe nawa kowa ya buɗe shago, ranar da ciniki ya yi kyau, ranar da bai yi ba. Wannan amana ce, ban nuna wa kowa na wani ba sai ranar da muka zauna tare da yardarsu. Sannan na tabbatar duk saitin da ke kare batir yana cikin na'urar ne, ba a intanet ba, domin ranar da sabis ya ɗauke wuta ba za ta jira shi ba.

Yanzu hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari. Shekaranjiya na ga layin rana a wayata bai kai inda ya saba kaiwa da tsakar rana ba, kwana huɗu a jere yana raguwa kaɗan-kaɗan. Hazon da ke sama ba ni da yadda zan yi da shi, amma ƙurar da ta kwanta a kan fanel tawa ce. Bayan sallar asuba na ɗauki bokiti da tsumma mai laushi na hau rufin, tun gilashin bai yi zafi ba. Ina cikin wanki Baba ya iso buɗe shago, ya ɗaga kai ya ce, "Sannu ɗana. Yau zan iya fara niƙa da wuri? Akwai masu biki."

Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarfe tara da rabi.